Ƙashin Bayan Ramsis na Biyu: Cutar da Aka Ɗora Masa da Wadda Aka Tarar

Majinyacin da za mu duba lamarinsa ya mutu sama da shekara 3,000 da suka wuce. Dattijo ne da ya kai kimanin shekara 90, ya mulki Masar shekara 66, daga wajen 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sunansa Ramsis na Biyu. Haƙoransa sun lalace ƙwarai, jijiyoyin jininsa sun yi tauri irin na tsufa, kuma wani sashe na ƙashin bayansa ya haɗe ya sandare. A kan wannan sandarewar likitoci suka yi kusan shekara 35 suna ja-in-ja. Wasu suka ce amosanin nan ne mai kumbura ƙashin baya tun ana saurayi har ya manne shi, wanda ake kira ankilosin-sifondilaitis a asibiti. Wasu suka ce a'a, wata aba ce daban da ke zuwa da tsufa. Gardamar ta cancanci a bi ta daki-daki, domin cututtukan nan biyu har gobe ana rikita su a kan mutane masu rai, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda gawar ta isa gaban likitoci

Mutanen Masar na dā sukan cire kayan cikin mamaci, su busar da gawar da kanwa na tsawon kwanaki 40, su zuba mata narkakken ƙaro, sannan su naɗe ta da ƙyallen lilin. Gawar Ramsis ba ta zauna a kabarinta ba. Da ɓarayin kaburbura suka yi yawa, sai masu kula da wuraren bautar zamanin suka kwashe gawawwakin sarakuna suka ɓoye su a wani rami cikin dutse a Dairul Bahari, hayin kogin Nilu daga Luksor. A can hukumar kayan tarihi ta kwaso su a 1881, kuma a 1886 Gaston Maspero ya warware likkafanin Ramsis a Alƙahira.

Daga shekarun 1960 wata tawagar Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin James Harris, ta ɗauki hotunan eksire na gawawwakin sarakunan. Harris likitan haƙori ne, hankalinsa ya fi karkata ga kai da muƙamuƙi, kuma da ƙaramar na'urar tafi-da-gidanka aka yi aikin a cikin gidan tarihi. A watan Satumba na 1976 aka kai gawar Ramsis birnin Paris saboda fumfuna na cin ta. Aka tarbe ta da faretin girmamawa irin na shugabanni a filin jirgin Le Bourget, masana suka yi watanni suna bincikenta, aka kashe fumfunar da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ke ratsa jiki ya kashe ƙwayoyin cuta, aka mayar da ita gida a watan Mayu na 1977. A wannan zaman ne aka ɗauki hotunan ƙashi mafi kyau da aka taɓa samu nasa zuwa lokacin.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu: shin wannan ne Fir'aunan Annabi Musa? Likitan nan na Faransa, Maurice Bucaille, ya tafi a kan cewa ɗan Ramsis, wato Marneftah, shi ne wanda ya nutse. Wannan fage ne na malaman tafsiri da masana tarihi, hoton ƙashin baya ba ya yanke hukunci a kansa, don haka mu bar shi a nan.

Abin da aka fara cewa

Hotunan sun nuna sabon ƙashi ya tsiro a gaban ƙasusuwan wuya ya yi musu gada, ɗaya na haɗe da ɗaya. Gaɓoɓin nan biyu da ke haɗa gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu, waɗanda suke daidai wurin lotsawar nan biyu ta saman ɗuwawu, ba su fito sarai ba, kamar sun shafe. Tun a ƙarshen shekarun 1970 aka fara cewa amosanin sandarewar baya ne. Magana ta yi ƙarfi a 2003, lokacin da Ernst Feldtkeller na Jamus da abokan aikinsa biyu suka wallafa nazari a mujallar Rheumatology International, suka ce aƙalla fir'aunoni uku sun yi fama da cutar: Amenhotef na Biyu, da Ramsis na Biyu, da ɗansa Marneftah.

Hujjar tana da daɗin ji. Uba da ɗa, ga kuma cuta da aka san tana bin jini. Tun 1973 masu bincike a Landan da Los Anjeles suka gano alaƙarta da wata ƙwayar gado mai suna HLA-B27, wadda ake samu a jikin kusan 9 cikin 10 na Turawan da ke da cutar, alhali kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na sauran jama'arsu ke ɗauke da ita. Gidan sarautar da ake auren zumunta kuwa, ina aka fi tsammanin cutar gado ta yi kaka-gida? Ban da haka, masu tarihin likitanci na son su san tun yaushe cutar take. Bayani na farko da aka yarda da shi, na wani likita ɗan Ayalan ne, Bernard Connor, wanda a shekarun 1690 ya siffanta wani ƙwarangwal a Faransa da ƙashin ƙugu da ƙashin baya da haƙarƙari duk suka zame ƙashi ɗaya. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Bekterev na Rasha a 1893, da Strumpell na Jamus a 1897, da Pierre Marie na Faransa a 1898 suka bayyana ta a jikin masu rai. Idan har fir'aunoni sun yi ta, tarihinta ya ja baya da shekara dubbai, kuma da shahararrun sunaye a kai. Shi ya sa labarin ya shiga littattafai da laccoci ba tare da an tsananta tambaya ba.

Mece ce ita cutar

Kafin a gane inda aka kauce, sai an san yadda amosanin sandarewar baya ke tafiya. Babba ce a cikin dangin cututtuka masu kumbura ƙashin baya da gaɓoɓi. 'Yan uwanta su ne amosanin da ke tafiya da cutar fatar nan mai ɓamɓaroki da ake kira soriyasis, da wanda ke biyo bayan gudawa ko ciwon sanyi na jima'i da 'yan makonni, da wanda ke haɗe da kumburin hanji mai daɗewa. Abin da ya haɗa su shi ne garkuwar jiki ce ke far wa wuraren da jijiya ke manne da ƙashi.

Kusan kullum daga gaɓoɓin ƙugu take farawa, kuma da wuri, yawanci tsakanin shekara 20 da 30, da wuya ta fara bayan 45. Kumburin yakan fara zaizaye bakin gaɓar, ya bar mata ƙananan ramuka, jiki ya yi ƙoƙarin cike wurin da sabon ƙashi, a ƙarshe gaɓar ta shafe gaba ɗaya. Daga nan ta riƙa hawa sama. Sirara-siraran ƙasusuwa na tsirowa a tsaye daga gefen ƙashi zuwa na samansa, dama da hagu daidai wa daida, kuma ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin baya su ma su manne. Idan ta kai ƙarshe, likitoci kan ce bayan ya zama gora, saboda yadda yake fitowa a hoto da gaɓa-gaɓa. Wannan tafiyar tana ɗaukar shekaru masu yawa, kuma ba kowane mai cutar ne ke kaiwa can ba.

Ke nan wanda cutar ta kai har wuyansa, bayan ta yi shekara 60 ko fiye a jikinsa, dole a tarar da ɓarnarta a ƙugu. A nan ne maganar Ramsis ta fara rawa.

Dubawa ta biyu da ta uku

A 2004 Rethy Chhem da Pierre Schmit da Clément Fauré suka sake ɗauko hotunan Paris, suka wallafa abin da suka gani a mujallar ƙungiyar likitocin hoto ta Kanada. Sun tarar cewa doguwar jijiyar da ke bin gaban ƙashin baya ce ta zama ƙashi a wuya. Sun ga ƙashi ya tsiro a inda jijiyoyin gaban cinya ke kamawa, da kuma a agarar ƙafar dama. Amma ƙananan gaɓoɓin bayan wuya ba su manne ba, gaɓar ƙugu ta dama ma a buɗe take. Suka ce wannan ya fi kama da wata larura ta tsufa da ke mayar da jijiyoyin ƙashin baya ƙashi, wadda ake taƙaita sunanta da DISH, kuma suka nemi a tabbatar da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki falle-falle.

Sai da aka yi shekara 10 kafin amsar ta fito. Tun daga 2005 hukumar kayan tarihi ta Masar ta fara shigar da gawawwakin sarakuna na'urar CT da aka girke cikin mota a harabar gidan tarihi na Alƙahira. A 2014 Sahar Salim, farfesar hoton asibiti a Kwalejin Likitanci ta Ƙasrul Aini ta Jami'ar Alƙahira, tare da Zahi Hawas, tsohon ministan kayan tarihi, suka fitar da sakamako a mujallar Arthritis & Rheumatology. Gawa 13 suka duba, na sarauta daga daula ta 18 zuwa farkon ta 20, wato tsakanin 1492 da 1153 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba su sami zaizayewar gaɓoɓin ƙugu a ko ɗaya ba, ba su sami mannewar ƙananan gaɓoɓin baya ba. Huɗu sun cika sharuɗɗan DISH: Amenhotef na Uku, da Ramsis na Biyu, da Marneftah, da Ramsis na Uku. Amenhotef na Biyu, wanda aka lissafa a 2003, ba ya ma cikin huɗun.

Me ya ruɗi na farko? Ba rashin sani ba ne, na'urar ce ke da iyaka. Eksire inuwa yake ɗauka, duk abin da ke gaba da na tsakiya da na baya ya hau kan juna a fim ɗaya. Gaɓar ƙugu kuwa a karkace take, ko a jikin mai rai tana ba likitoci wahalar karantawa. A gawar da aka busar an ƙara da ƙaro daskararre, da ƙyalle ninki-ninki, da busasshen nama, ga kuma ba a iya juya ta yadda ake so. Akwai wani tarko kuma: a jikin tsoho, musamman mai DISH, jijiyoyin da ke kwance a gaban gaɓar ƙugu sukan zama ƙashi su haye ta. A fim sai a ga kamar gaɓar ta shafe, alhali cikinta lafiya lau. CT yana yanka hoton jiki falle-falle, sai a ga gadar a waje, a ga gaɓar a buɗe a ƙarƙashinta da bakinta sumul.

Ita DISH ba kumburi ba ce. Forestier da Rotes-Querol suka siffanta ta a 1950, sannan Resnick da Niwayama suka kafa mata sharuɗɗa a 1976: ƙashi ya malala a kan aƙalla ƙasusuwan baya huɗu a jere, faifan guringuntsin da ke tsakaninsu bai lotse ba, kuma gaɓoɓin ƙugu da ƙananan gaɓoɓin baya ba su lalace ba. Ƙashin nata mai kauri ne, likitoci kan kwatanta shi da kyandir da ya narke ya gangaro. A tsakiyar baya ya fi fitowa ta dama, ana ganin bugun babbar jijiyar jini da ke hagu ne ke hana shi tsirowa a can. Tana zuwa ne bayan shekara 50, ta fi kama maza, tana tafiya da ƙiba da ciwon suga, kuma mutane da yawa suna da ita ba su sani ba sai an ɗauki hoton ƙirji don wani dalili.

Akwai hujja guda da ake yawan kawowa wadda ni ban ba ta nauyi sosai ba. Ana cewa Ramsis ya ja runduna a kan keken doki a yaƙin Kadesh da Hitiyawa wajen 1274, ya gina wuraren bauta na Abu Simbel, ya haifi 'ya'ya masu yawan gaske, don haka ba mai ciwon baya ba ne. To, bangon wuraren bautar Masar allon yabon sarki ne, ba a zana fir'auna a duƙe ko yana dafe da ƙugu. Kuma cutar ba ta hana kowa ƙarfi ba: Mike Atherton ya yi kyaftin ɗin ƙungiyar wasan kurket ta Ingila yana ɗauke da ita. Abin da ya gamsar da ni shi ne gaɓoɓin ƙugun nan da aka tarar ba zaizaya a jikin ɗan shekara 90. Ga shi kuma dukan huɗun sun manyanta kafin su mutu, wanda ya dace da larurar tsufa. Maganar uba da ɗa ma ba ta rushe wannan ba, tunda su biyun sun tsufa a cikin daula da cin daɗi, kuma DISH ita ma takan bi gida.

Abin da mai rai ya fi Fir'auna da shi

Ramsis ba ya iya faɗin yaushe bayansa ya fara ciwo, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace raba cututtukan biyu. Saurayi ko budurwa mai amosanin sandarewar baya yana da labari da ake ganewa. Ciwon ya shigo a hankali, ya wuce wata uku. Yana tashe shi a sulusin dare na ƙarshe. Da Asuba bayan ya ƙage, ruku'u sai da dabara, tashi daga sujada sai an dafa, kuma taurin ya wuce rabin awa kafin ya sake. Zuwa Azahar, bayan an yi zirga-zirga, sai ya ji sauƙi. Hutu ƙara masa yake yi, motsi ke rage shi, akasin ciwon bayan ɗan dako ko manomi wanda kwanciya ke lafar da shi. Wani lokaci ciwon yana ɗuwawun dama, wani lokaci na hagu. Dunduniya na iya ciwo, gwiwa ta kumbura, kuma wajen 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 na masu cutar sukan yi jan ido mai zafi a ido ɗaya, da ƙin haske. Wannan jan idon ba na jira ba ne, likitan ido yake buƙata a ranar.

Gwajin farko ba ya buƙatar wata na'ura, tef ɗin tela da biro sun isa. Majinyaci ya tsaya, a yi alama a tsakiyar baya daidai lotsawar saman ɗuwawu, a auna santimita 10 sama a yi wata, sannan ya sunkuya iya ƙarfinsa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. A lafiyayyen baya tazarar takan ƙaru da kusan santimita 5. Sai a jingina shi da bango, dunduniya da baya na taɓawa, a ga ko ƙeyarsa za ta kai. Sai a auna faɗin ƙirji lokacin da ya fitar da numfashi da lokacin da ya ja shi.

Abin baƙin ciki shi ne a jikin masu rai eksire yakan yi kuskure ta ɗaya gefen. Ga Fir'auna ya nuna cutar da babu, ga saurayi kuwa yakan ɓoye wadda ke akwai, domin sai an yi shekaru kafin zaizayar ta fito a fim. Sharuɗɗan gane cutar na New York na 1984 sun dogara ne da ganin ɓarna a eksire. A 2009 ƙungiyar masana ta duniya mai suna ASAS ta kawo sababbi da suka karɓi hoton MRI, wanda ke ganin kumburi a cikin ƙashi tun kafin ya ci gaɓa. Duk da haka, a Birtaniya ƙungiyar masu cutar ta daɗe tana kukan cewa mutum kan yi kusan shekara 8 da rabi kafin a gane abin da ke damunsa. Mai zuwa asibiti a ce masa "hotonka lafiya lau" a sallame shi da maganin ciwon jiki, alhali duk dare ciwo na tashe shi, yana da haƙƙin ya nemi a tura shi wajen likitan amosanin gaɓoɓi.

A Yammacin Afirka akwai abin lura na musamman. Ƙwayar HLA-B27 ba ta da yawa a baƙar fatar kudu da Sahara. Wani bincike da aka wallafa a 1997 a kan Fulanin Gambiya ya tarar da ita a kusan kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka gwada, amma ba a sami mai cutar ko ɗaya ba. Wannan na nufin cutar ba ta yawaita a yankin kamar Turai ba, amma ana samunta, kuma da yawa daga 'yan Afirkan da ke da ita ba su ɗauke da ƙwayar. Don haka gwajin jinin da ya fito babu bai rufe magana ba. Sannan kafin a kai gare ta dole a kawar da abubuwan da suka fi ta yawa a ƙasarmu: tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke zuwa da zazzaɓi da zufar dare da rama, da ciwon ƙashi na masu sikila, da cutar burusela da ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, wadda ita ma gaɓar ƙugu take so.

Bambancewar tana da muhimmanci ne saboda magani. Mai amosanin sandarewar baya yana buƙatar motsa jiki na miƙe baya kullum, da barin taba, da magungunan rage kumburi irin su naproxen ƙarƙashin kulawar likita saboda ciki da ƙoda. Idan ba su isa ba, tun farkon shekarun 2000 akwai allurai masu toshe TNF, wani sinadarin jiki mai haddasa kumburi, kamar adalimumab da etanercept, daga baya aka ƙara masu toshe wani sinadarin kumburi mai suna IL-17 kamar secukinumab. Suna da tsada ƙwarai, suna rage garkuwar jiki, kuma ba a fara su sai an gwada tarin fuka da ciwon hanta, don suna iya tayar da wanda ya kwanta. A ba dattijo mai DISH irin wannan allura don an karanta hotonsa ba daidai ba, asarar kuɗi ce da jefa rai a haɗari ba tare da wani amfani ba. Shi abin da yake buƙata a kula da sugansa da nauyinsa, ya riƙa motsi, a kuma bincika idan haɗiyar abinci ta fara yi masa wuya, don ƙashin da ya tsiro a wuya yana iya danne maƙoshi. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis, wanda sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, yana lafar da ciwo na ɗan lokaci amma yana cinye ƙashi ya ta da suga, ba ya amfanar ko ɗaya daga cikinsu.

Abu ɗaya ya haɗa cututtukan biyu: bayan da ya sandare ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Zamewa a banɗaki ko faɗuwa daga kan babur a hankali ta isa ta karya wuyan irin wannan mutum, kuma karayar tana iya taɓa lakar da ke ciki bayan awanni ko kwanaki. Kada a kai shi wajen mai ɗori a danna, kada a tilasta miƙe masa wuya ya kwanta ɗoɗar idan dama a duƙe yake. A tallafe kansa a yadda ya saba, a kai shi asibiti, a gaya wa likita tun daga ƙofa cewa bayansa a haɗe yake, a kuma nemi CT, domin eksire yakan tsallake irin wannan karaya.